Wace ce ta ƙera motar tunawa da Ken Saro-Wiwa?

Malam, ka tambaya ko Baturiya ce ta ƙera motar ƙarfen nan ta tunawa da Ken Saro-Wiwa, marubucin nan ɗan gwagwarmayar kare haƙƙin Ogoni. A'a, 'yar Najeriya ce, Sokari Douglas Camp, 'yar ƙabilar Kalabari. An haife ta a Buguma, jihar Ribas, a 1958. Camp ɗin da ya ruɗe ka sunan mijinta ne. Ta yi karatu a Kalifoniya, sannan ta gama digiri na biyu a Royal College of Art, kwalejin fasahar zane da sassaƙa da ke Landan, a 1986. A Landan take zaune.

Aikinta walda ne. Takan yanka ƙarfe ta haɗa shi ya zama mutum sanye da zane da ɗankwali, har ka rantse iska za ta kaɗa tufafin. Ta fi ɗauko siffofin dodannin ruwa na bukukuwan Kalabari, wasan da a gida maza ne kaɗai ke shiga rigarsa. Ni wannan ne ya fi burge ni, mace ta tayar da su da wutar walda a ƙasar wasu.

Motar kuwa ta gama ta a 2006, da gangunan mai a samanta ɗauke da sunayen sauran mutum 8 da aka rataye tare da Saro-Wiwa a 1995. Da aka kawo motar Legas a 2015, kwastan suka riƙe ta a tashar jiragen ruwa. Birtaniya kuma ta ba Sokari lambar girmamawa ta CBE tun 2005.