Za a iya ƙera ƙaramar na'urar gwajin DNA a Kaduna?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin injiniyan lantarki ne a Kaduna. Na ji akwai ƙananan na'urori da ke gano cuta daga DNA ɗin ƙwayar cutar, wato sinadarin gadonta, a saka su a jaka a shiga ƙauye. Ina so in yi aikin kammala karatuna a kai. Kayan kasuwar Panteka za su isa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Akwatin kam za ka iya haɗa shi, ƙanena, amma ka san shi ne mai sauƙin. Wuyar aikin tana cikin ɗan bututun da za ka saka a ciki.

DNA ɗin ƙwayar cuta da ke cikin ɗigon jini ko kaki bai taka kara ya karya ba, dole a ninninka shi kafin a gane yana nan. Hanyar da aka fi sani ita ce PCR, wadda Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983: a kai zafi digiri 95, a sauke zuwa wajen 55, a ɗaga zuwa 72, a yi ta haka sau 30 zuwa 40. Wannan hawa da sauka shi ke cinye batir. Ni dai wata hanyar ninkawa mai suna LAMP zan ce ka bi, wadda masana a Japan suka fito da ita a 2000. Ita zafi ɗaya take so, digiri 60 zuwa 65, kuma ba ta cika awa guda ba. Ɗan dunƙulen alminiyam da aka huda wa ramukan bututu, da hita, da ma'aunin zafi, da Arduino (ɗan allon kwamfuta da zai sarrafa hitar), da batirin da sola ke caji, sun ishe ka. Ka dage zafin kada ya kauce da fiye da digiri ɗaya, murfin ma ka ɗumama shi, in ba haka ba ruwan zai yi tururi ya taru a sama.

To, ga inda gizo ke saƙar. Sinadaran da ke ninka DNA ɗin ba a Panteka suke ba, daga waje ake sayo su, kuma yawancinsu sai a firiza. Akwai busassu masu jure zafi, su ya kamata ka nema. Sai ciro DNA ɗin daga samfurin, wato jinin ko kakin da za a gwada: jini yana ɗauke da abubuwan da ke hana aikin tafiya. Akwai haɗin da launinsa ke juyawa daga ruwan hoda zuwa rawaya idan cutar tana nan, abin sha'awa, amma tsami yake bi, samfurin da ba a tace ba kan iya juya launin alhali mutum lafiyarsa lau.

Babban abin tsoro shi ne gurɓata. Bututun da ya gama aiki yana ɗauke da kwafi biliyoyi. Ka buɗe shi sau ɗaya a ɗaki, sun hau tebur da safar hannu, gobe ko ruwa zalla ka gwada sai ya nuna cuta. Don haka ka tsara na'urar a karanta sakamako bututu na rufe, da ido ko da ƙaramar fitila da kyamarar waya.

Ka leƙa irin waɗannan na'urori da ke aiki a ƙasar nan. GeneXpert, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita don tarin fuka a 2010, tana ba da sakamako cikin awa biyu, amma tana son tsayayyar wuta da ɗakin da bai wuce digiri 30 ba. Ka san bazararmu, ka san ƙurar hunturu. Truenat ta Indiya, da aka amince da ita a 2020, da batir take aiki kuma tana jure digiri 40. Ma'aikatan cibiyar tarin fuka da kuturta ta Saye a Zariya sun san ciwon kan waɗannan injuna fiye da kowane littafi.

Kada ka taɓa kakin mai tarin fuka ko jinin wanda ake zargi da Lassa. Nemi malami a sashen nazarin ƙwayoyin cuta, ko a cibiyar binciken cutar sammore da ke nan Kaduna, ya ba ka tataccen DNA na zazzaɓin cizon sauro, ku gwada na'urarka kafaɗa da kafaɗa da injin PCR ɗinsu. Wannan ya isa aikin digiri. Gwada majinyata kuwa sai da izinin kwamitin ɗa'ar bincike, sayarwa kuma sai NAFDAC ta yi rajista.