Tsohuwar lamba a jikin jirgin ruwa: cire ta da sa sabuwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi jirgin ruwa na faiba ɗan gwanjo a Legas, zan kai shi Yawuri ya riƙa fito. A gabansa, hagu da dama, akwai rubutun sitika da ya fara da FL, sai lambobi huɗu da haruffa biyu. Yarona ya fara kankarewa da reza, na ga jikin jirgin yana karcewa, sai na tsayar da shi. Da me ake cirewa? Kuma sabuwar lambar, in sa sitika ko fenti? Daga mai karatu a Yawuri.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya. Ka kyauta da ka karɓe rezar nan. Wannan farin mai sheƙi da ke saman faiba kaurinsa bai fi kamar rabin milimita ba, kuma shi ne ke hana ruwa shiga cikin zaren da ke ƙasa. In reza ta huda shi, ka buɗe wa ruwa ƙofa.

Amma kafin a sake taɓa komai, ɗauki hoton lambar ta ɓangarorin biyu, ka adana tare da rasit ɗinka. FL ɗin nan na nufin an yi wa jirgin rajista a jihar Fulorida ta Amurka. Ita wannan za ka iya cirewa. Wadda ba a taɓawa tana can baya, a allon da ake ɗaura inji, ta sama a hannun dama: haruffa da lambobi 12 ne da kamfani ya buga a jikin jirgin, kuma tun 1972 doka ta wajabta su a Amurka. Matsayinta ɗaya da lambar shasi a mota. Kada a goge ta, kada a shafe ta da fenti, domin ranar da aka yi gardama kan mai jirgi, ita za a duba. Sannan ka je ofishin NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lakwaja, ka yi rajista tukuna. Kada ka biya kuɗin yanka sitika sai lamba ta fito a takarda, ka kuma tambaye su girman rubutun da wurin da suke so a sa shi.

Cirewar kuwa, zafi ke yin aikin, ba ƙarfi ba. Ka aro handiraya wurin masu gyaran gashi, a riƙe ta nesa kaɗan ana kaɗawa, har sitikar ta yi laushi. In tafin hannunka ba zai iya zama a wurin ba, zafin ya yi yawa. In babu wuta, a juya ɓangaren ga ranar azahar, ko a ɗora tsumma da aka tsoma a ruwan zafi. Sai a ɗaga gefen harafin da tsohon katin ATM, a ja shi a kwance, a hankali. Tsohuwar sitikar da ta sha rana gutsurewa take yi kamar ɓawon ƙwai, to sai haƙuri, harafi ɗaya bayan ɗaya. Gam ɗin da ya rage, a jiƙa shi da kananzir na ’yan mintoci, a murje da tsumma, a wanke da sabulu. Don Allah a nisanta kananzir da handiraya daga tankin fetur.

Ga abin da zai ba ka mamaki: bayan an gama, za ka ga tsohuwar lambar tana nan raɗau kamar inuwa. Ba datti ba ne. Rana ce ta koɗe sauran jikin, wurin da sitika ta rufe ya zauna sabo. Nemi man gogewa irin na masu fentin mota, a goge yankin gaba ɗaya, ba gurbin haruffan kaɗai ba. In ta ƙi, a bi da samfefa mai laushi, lamba 1500 ko 2000, da ruwa, ba tare da dannawa ba. Abin da ya rage, rana za ta daidaita shi a hankali.

A kan faiba ni sitika nake zaɓa. Ka gaya wa mai yankan cewa ta waje kake so, irin wadda ake manna wa motoci, ba ta adon shago ba, wadda ke tsukewa ta bar baƙin zobe na gam. Rubutu ya zama miƙaƙƙe, baƙi a kan fari, wanda za a karanta daga gaɓa. A goge wurin da sifirit na kemis don maiƙon kananzir ya fita, a ja layi da tef ɗin takarda, a manna daga tsakiya zuwa gefe ana matse iska da katin nan. A bar jirgin a tudu kwana ɗaya kafin ya shiga ruwa.

Tambaya: Kwale-kwalena na katako ne, a Shiroro nake. Sau biyu ina sa sitika tana ɓarewa. Ko mai yankan ne ke cutata?

Amsa: Ɗan’uwa, da wuya laifinsa ne. Katako yana shan ruwa ya kumbura, ya bushe ya tsuke, gam ba ya jure wannan. Daina ɓarnar kuɗi, koma fenti. A goge wurin da samfefa, a bar shi ya bushe sarai, a shafa farin fentin mai a matsayin allo. Mai rubutun alluna ya yanka maka lambar a kwali mai kauri ko falle na roba, a ɗora, a ɗiɗɗiga baƙin fenti da soso maimakon ja da buroshi, don kada ya zurara ƙarƙashin kwalin. Sa ta can sama, inda ruwa ba ya kaiwa ko an yi lodin buhuna ranar kasuwa. Kwalin kuma rataye shi a ɗaki, domin bayan damina za ka so sabunta rubutun.