Kafin ka biya kamfanin jirgin ruwan da ba ka sani ba

Wa alaikumus salam, Alhaji. Na ga tambayarka: kai da iyali kun taɓa yawon teku da kamfanin jiragen ruwa na MSC daga Dubai, kun ji daɗi, yanzu an kawo muku tallan AROYA mai tashi daga Jidda, ba ku taɓa jin sunansa ba, kuna tunanin ku gwada ko ku koma inda kuka saba. Na yi irin wannan tafiya sau huɗu da kamfanoni uku, har da shi AROYA ɗin, bari in faɗa maka abin da na gani.

Rashin sanin suna bai isa ya hana ka ba. Ni abin da nake fara tambaya shi ne: wa ke da kamfanin, kuma wane jirgi ne? AROYA na Cruise Saudi ne, wanda ke ƙarƙashin asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya, kuma ya fara ɗaukar fasinja daga Jidda a Disamba 2024. Kamfanin ne sabo, jirgin kuwa ya daɗe a ruwa. A Jamus aka ƙera shi a 2017, da sunan World Dream, yana yawo a tekunan Asiya, tsawonsa ya kai mita 335, yana ɗaukar mutum sama da 3,000. Kamfanin da ke da shi a da, Genting Hong Kong, ya durƙushe a farkon 2022, har aka tsare jirage biyu na reshensa Crystal Cruises a Bahamas saboda bashin mai. Crystal kuwa tsohon suna ne da masu kuɗi ke ji da shi. Shi ya sa tun daga lokacin na daina dogara da shahara kaɗai, sai in bincika wanda ke bayan kamfanin.

Abin da ya ja ni zuwa AROYA abinci ne da sallah. A sauran jiragen da na hau, duk cin abinci sai na tsayar da ma'aikaci in tambaye shi wannan naman na mene ne, daga ƙarshe in haƙura da kifi da taliya har mu sauka. A nan abincin halal ne, ba a sayar da giya, babu gidan caca, akwai wurin sallah. Maiɗakina ta ce wannan ce tafiyar farko da ta bar yara suka zagaya hankalinta kwance. Mai yara zai gane nauyin wannan magana. Alƙibla ce kawai sai ka riƙa dubawa kowane lokaci, don jirgi yana juyawa ba ka ji ba.

Inda nake so ka buɗe ido sosai shi ne biza, musamman in fasfo ɗinka na Najeriya ne ko na Nijar. A tafiyata ta biyu, da wani kamfani a Bahar Rum, dillalin da ya sayar mana da tikiti ya ce bizar Schengen, wato bizar bai-ɗaya ta yawancin ƙasashen Turai, ta wadatar. Bai gaya mana cewa jirgin zai fita daga yankin ya tsaya a Tunisiya sannan ya dawo ba. Abokin tafiyata bizarsa ta shiga sau ɗaya ce kawai, in ya fita yankin ba zai iya sake shiga da ita ba. A bakin tasha aka hana shi hawa, da jakarsa a hannu, kuɗinsa kuma ba su dawo ba. Har yau in na tuna fuskarsa raina yana ɓaci. Don haka ka karɓi jerin tashoshin da za a tsaya, ko Sharm el-Sheikh ne a Masar ko Aqaba a Jodan, ka rubuta wa kamfanin da kansa, ka faɗi ƙasar fasfonka, su amsa maka a rubuce. Maganar baki ta dillali ba ta shigar da mutum jirgi. Ka tabbata kuma fasfon kowa, har na yara, yana da sauran wata shida bayan ranar dawowa.

Sai kuɗi. Farashin da ke kan talla ba shi ne ƙarshe ba. Ka tambayi kuɗin hidima da ake ɗorawa kowane dare a kan kowane mutum, da na intanet, da na fita yawo in an tsaya, da abin da za a mayar maka in ka fasa. Kafin ka ba da kafin alƙalami ka karanta wannan sashen, ka kuma biya da kati.

Ɗaki kuwa, in akwai mai saurin jiri a gidanku, ku nemi na tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa-ƙasa, nan girgiza ta fi sauƙi. Mai baranda ya fi tsada, amma ni ba na son wanda ba shi da taga, don ba ka gane ketowar alfijir.

Ni dai shawarata ku gwada, amma ku fara da gajeruwar tafiya ta kwana uku ko huɗu a Bahar Maliya, tunda ko bai yi muku ba, asarar ba ta da yawa. In ka faɗa mini watan da kuke so da shekarun yaran, zan turo maka tambayoyin da na aika musu kafin in biya.