Rufi ko Ingancin Ƙarfe: Abin Dubawa Kafin Sayen Rukunin Sakatar Bindigar AR-15

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a jihar Texas ta Amurka, kuma ina da bindiga ƙirar AR-15 wadda na mallaka bisa doka, nakan je filin koyon harbi da ita a ƙarshen mako. Ina so in sayi rukunin sakata na ajiya, wato abin da 'yan kasuwa ke rubutawa BCG. Na ga baƙi mai kaushi, na ga mai launin azurfa, na ga mai ruwan zinare, kuma wani ya ninka wani kuɗi. Wane rufi ne ya fi inganci?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Zan amsa maka batun rufi, amma ka sani tun farko cewa shi ne abu na ƙarshe da ya kamata ka duba, ko da yake shi 'yan kasuwa suka fi tallatawa domin shi ido yake fara gani.

Idan aka harba wannan bindiga, wani kaso na gas ɗin albarushi yakan biyo siririn bututu ya dawo baya, ya shiga mazurarin da ke ɗaure a bisa gidan sakata, ya tura gidan baya. Wannan turawa ita ke sa fegin da ya ratsa sakata ya murɗa ta, haƙoranta bakwai su saki, ƙugiya ta fizgo kwanson harsashi waje. Ke nan zafi da kunkunniya da girgiza duk a kan wannan ɗan rukuni suke sauka, kuma haƙoran nan su ne suke tare matsin da kan kai wajen fam 55,000 a kan kowane inci murabba'i a duk harbi guda. Babu rufin da zai hana ƙarfen da ba a gasa shi daidai ba tsagewa a ƙarƙashin irin wannan nauyi.

Eugene Stoner ne ya jagoranci ƙera wannan samfuri a kamfanin ArmaLite cikin shekarun 1950, kamfanin Colt ya sayi haƙƙinsa a 1959, daga baya ya zama M16 a hannun sojojin Amurka. Lokacin da bindigar ta riƙa cijewa a yaƙin Biyetnam, kwamitin majalisar wakilai da Richard Ichord ya shugabanta ya bincika lamarin a 1967. Daga cikin dalilan da suka bayyana akwai sauya nau'in albarushi, da ƙarancin kayan goge bindiga, da rashin shimfiɗa kurom, wato wani ƙarfe mai tauri da ke hana tsatsa, a cikin ɗakin harsashi. Gyaran da ya yi amfani a lokacin an yi shi ne a wurin da ido ba ya gani, kuma haka lamarin yake ga rukunin sakata har yau.

Baƙin mai kaushi da ka gani fosfet ne, kuma shi ne ma'aunin sojojin Amurka: fosfet a waje, kurom a cikin ramin gidan sakata da cikin mazurarin gas. Kaushinsa ba aibi ba ne, domin yana shan mai ya riƙe shi kamar yadda sabuwar tukunyar ƙasa ke shan ruwa, man kuwa shi ke hana tsatsa da cin ƙarfe. Aibinsa biyu ne. Kunkunniya tana kama shi sosai, sai an sa ƙarfi wajen gogewa, kuma idan aka bar shi a bushe a wuri mai laima, irin gaɓar tekun jihar taku, zai yi tsatsa.

Akwai wani baƙin mai santsi da ake kira naitiraid, wanda a haƙiƙa ba shafe ba ne. Ana tsoma ƙarfen cikin narkakken gishiri mai zafin da ya haura digiri 500 a ma'aunin Salshiyos, sinadarin naitirojin ya ratsa fatar ƙarfen ya taurara ta ciki da waje. Tunda ba wani abu aka liƙa a kai ba, babu abin da zai ɓare, yana jure tsatsa, kuma ba shi da tsada. Abin lura shi ne wannan zafi ya ɗara wanda aka kammala gashin sakata da shi tun farko, don haka idan masana'anta ba ta ƙware ba, za a sami fata mai tauri a kan ƙarfen da cikinsa ya yi laushi. Wannan ne ya sa wasu masu ƙera ke yi wa gidan sakata naitiraid, su bar ita sakatar da fosfet, kuma ni ina ganin wannan haɗi ya yi ma'ana.

Mai launin azurfa galibi nikel-boron ne. Yana da santsi ƙwarai, tsumma kaɗai kan share yawancin dattinsa, sai dai yakan yi duhu da tabo bayan an daɗe ana harbi da shi. Duhun ba ya cutar da komai. Abin da ke cutarwa shi ne rufin da aka ɗora a kan ƙarfen da ba a tsabtace shi da kyau ba, domin irinsa yakan ɓamɓare, ɓarɓashinsa ya shiga inda bai kamata ba. Yana kuma ƙara kauri, saboda haka dole mai ƙera ya yi lissafin wannan kauri tun wajen sassaƙa. Idan ka ga an rubuta cewa ba ya bukatar mai, kada ka yi aiki da maganar, ka sa masa mai kamar kowane.

Mai ruwan zinare shi ne irin rufin da ake yi wa bakin injin huda ƙarfe, ɗan'uwansa kuma shi ne DLC, wato rufin sinadarin kabon mai tauri kamar lu'ulu'u, baƙi ko ruwan toka mai duhu. Dukansu suna da tauri sosai, kaurinsu bai kai ko kusa da na silin gashin kai ba, su ne kuma masu tsada. Saboda rashin kaurin nan ba sa ɓoye komai: idan sassaƙar ta yi kaushi, rufin zai bi kaushin ya taurara shi. Haka kuma ba sa shiga lungunan ciki yadda suke kama waje, don haka ka tambayi mai sayarwa ko an shimfiɗa kurom a cikin ramin.

Ga mai zuwa filin harbi a ƙarshen mako, shawarata ita ce ka sayi fosfet mai kurom a ciki, ko naitiraid, daga masana'antar da ta bayyana irin ƙarfenta da gwajinta a rubuce, ka ajiye ragowar kuɗin don harsashi da horo. Idan wankin bindiga yana gundurarka kuma kana da hali, DLC daga hannun ƙwararru ba asarar kuɗi ba ne, amma abin da za ka samu shi ne sauƙin gogewa, ba ƙarin daidaiton harbi ba.

Tambaya: Ni ma a Amurka nake. Na riga na sayi nawa ta intanet, a jikin kwalin an rubuta 9310 da MPI. Wani abokina ya ce idan ba Carpenter 158 ba ne, in mayar. Shin gaskiya ne? Kuma ta yaya zan gane ko aikin ya yi kyau tun ban harba ba?

Amsa: Abokinka ya faɗi wani ɓangare na gaskiya, amma ya tsananta. Carpenter 158 shi ne ƙarfen da ma'aunin soja ya tanada don sakata, kamar yadda ya tanadi 8620 don gidanta, kuma kamfanin Carpenter na jihar Pennsylvania ne mai shi. Ƙarfen 9310 kuwa sananne ne wajen ƙera giyar injuna masu ɗaukar nauyi, kuma masana'antu da yawa masu mutunci suna yin sakata da shi. Idan an gasa shi daidai, ba zai ba ka kunya ba. Damuwar ita ce gashin ba ya ganuwa da ido, lambar da ke jikin kwali kuma ba ta gaya maka wanda ya yi gashin.

A nan gwaji yake shigowa. HPT na nufin an harba sakatar da harsashin gwaji mai matsin da ya fi na yau da kullum. MPI na nufin an sa mata maganaɗisu, an zuba mata ruwa mai garin ƙarfe, garin ya taru a duk inda tsaga take komai ƙanƙantarta. Jerin yana da muhimmanci: harbin gwaji ake fara yi, sa'an nan a duba da maganaɗisu, domin a ga ko matsin ya buɗe wani rauni da yake ɓoye. Naka an rubuta MPI kaɗai, saboda haka ka rubuta wa masana'antar ka tambaya ko kowace sakata ake dubawa ko kuwa 'yan kaɗan ake tsamowa daga cikin tari. Ka kuma tambaya ko an yi mata feshin ƙananan ƙwallayen ƙarfe, aikin da ke danne fatar ƙarfe ya jinkirta tsagewa. Masana'antar da ta yi waɗannan ayyuka ba ta jin nauyin faɗa.

Sauran za ka iya dubawa da kanka, bayan ka tabbatar babu harsashi a bindigar ko kusa da kai. Fara da notuna biyun da suka ɗaure mazurarin gas. Ya kamata ka ga an danno ƙarfen gefen mazurarin ya ciji kan kowane noti sosai daga ɓangarori biyu, ba ɗan tabo na ado ba. Na fi nanata wannan fiye da komai, domin idan notunan suka saki, gas zai riƙa zurarewa, gidan sakata ya kasa komawa baya har ƙarshe, bindigar ta riƙa cijewa, mai ita kuma ya yi ta zargin harsashi ko gidan harsashi alhali laifin na noti biyu ne. Ka riƙe mazurarin ka girgiza. Bai kamata ya motsa ko kaɗan ba.

Daga nan ka bi da yatsa a kan layukan da gidan sakata ke zamewa a kansu, ka ji ko akwai kaifi ko tsini da injin ya bari. Ka haska fitila cikin ramin ka ga ko ya yi sumul. Ka dubi haƙoran sakata da ramin da fegi ke ratsawa a ƙarƙashin haske mai kyau, domin bakin wannan rami da haƙoran da ke maƙwabtaka da ƙugiya su ne wuraren da sakata ta fi karyewa. Zanen injin a jikin gidan sakata ta waje, inda ba ya gogar komai, muni ne kawai, ba dalilin mayarwa ba ne.

Akwai zobba uku a wutsiyar sakata masu tare gas. Ka jawo sakatar waje iyakarta, ka tsayar da rukunin a kan fuskarta bisa tebur. Idan ya tsaya, zobban suna kamawa. Idan gidan ya zame ƙasa da nauyin kansa alhali sabo ne, ka mayar musu. Abu na ƙarshe shi ne tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da ɗakin harsashi idan an kulle. Duk lokacin da aka haɗa sabuwar sakata da bututun bindiga, musamman wanda ya sha harbi, ya kamata maƙerin bindiga mai lasisi ya auna wannan tazara da ma'auninta. Aikin 'yan mintuna ne, kuma tazarar da ta yi yawa tana iya fasa kwanso a kusa da fuskarka.

Tambaya: Ina Kano, ina da wa a Amurka. Tunda wannan ba bindiga ba ce, ɓangare ne kawai, zai iya sako mini shi cikin kaya?

Amsa: A'a, Malam, kada ka roƙe shi, shi ma kada ya yarda. Fitar da sassan bindiga irin wannan daga Amurka yana bukatar lasisin gwamnatin ƙasar, kuma wanda ya aika ba tare da shi ba yana iya fuskantar ɗauri. A Nijeriya kuwa, Dokar Bindigogi ta 1959 ta hana mallaka ko shigo da makami ba tare da izini ba: bindigogin yaƙi sai da amincewar shugaban ƙasa, na farauta kuma sai da lasisin 'yan sanda. Kwastan ba za su karɓi uzurin cewa ɓangare ne kawai ba. Idan bukatarka ta farauta ce ko tsaron gona, ka je hedikwatar 'yan sandan jiha ka tambayi halin da ake ciki game da bayar da lasisi kafin ka kashe ko sisi.