Hukuncin tsinto ganye a daji a haɗa sabulu da man shafawa na sayarwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina zaune a unguwar Birni nan Damagaram, ina haɗa sabulu da man shafawa a gida. Man kaɗe nake saye a Kasuwar Dole, amma aduwa da bagaruwa da ganyen magarya ni da ƙannena muke tsintowa ta wajen Mirya. Idan an yi baje kolin sana'o'in hannu sai in kai. Wata ta ce kuɗina akwai shubuha, tunda ban shuka ba kuma ban saya ba. Sannan masu saye suna yawan neman mai sa haske, wasu abokan sana'ata kuwa suna ɗan zuba man bilicin su ce na gargajiya ne zalla. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Baiwar Allah, Allah ya yi wa nemanki albarka.

Asalin sana'arki halal ne, kuma wadda ta faɗa miki waccan magana ba ta yi daidai ba. Bukhari ya ruwaito daga Zubairu ɗan Awwam cewa Annabi (SAW) ya ce mutum ya ɗauki igiyarsa ya yo itace a bayansa ya sayar, Allah ya kare mutuncinsa da shi, ya fi masa alheri a kan roƙon mutane. Mai itacen nan bai shuka ba, bai saya ba. Abin da ya tsiro a dajin da ba na kowa ba, wanda ya riga kai hannu ya mallake shi, yana da ikon ya ci ko ya sayar.

Inda nake so ki tsaya ki duba shi ne, a ina kuke tsintar? Wanda ya san hanyar Mirya da Matamaye da Magarya ya san yawancin itatuwan da ido ke gani a tsakiyar gonakin mutane suke. Ba su tsaya can da kansu ba. Manomi ne ya ga tsiron gawo ko aduwa, ya ƙi sare shi lokacin sharar gona, ya yi masa sassabe, ya kare shi daga awaki shekara da shekaru. Irin wannan itace na mai gonar ne, 'ya'yansa ma nasa ne. Hadisin Abu Dawuda da ya ce Musulmi sun yi tarayya a ruwa da ciyawa da wuta bai halatta miki shi ba, don malamanmu na Malikiyya sun bambance tsakanin ciyawar da ta tsiro a saurar da mai ita ya bari, da abin da ya tanada don kansa.

To abin da ya faɗo ƙasa fa? Nan al'adar wuri ce ke hukunci. Annabi (SAW) ya ga dabino guda a hanya ya ce ba don tsoron na sadaka ne ba da ya ci, wato ɗan abin da mai shi ba ya bin sawunsa babu laifi. Yaro ya tsinci aduwa biyar ya tsotsa, ba mai cewa komai. Amma ke buhu kike cikawa don kasuwa, bagaruwa kuma kuɗi ce a garin nan tunda majema na sayenta don jima. Saboda haka ki nemi mai gonar, ya yafe miki ko ku yi ciniki. Abin da kuka riga kuka ɗiba a gonar da kika san mai ita, ki je ki nemi yafiyarsa ko ki biya.

Ko a dajin Allah ma ba a yarda ki kashe itace ba. Ganye da 'ya'ya suna sake fitowa, amma wanda ya ɓare ɓawo ya zagaye gindin itace, ko ya tone saiwa duka, ya kashe shi. "Babu cuta babu cutarwa," kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa. Akwai kuma gargaɗi mai tsanani kan sare magarya, wanda Abu Dawuda ya fassara da magaryar daji da matafiya da dabbobi ke shan inuwarta. Mu mutanen Damagaram ba baƙin wannan ba ne, har yau ana ba da labarin yadda Sarki Tanimu ya tsananta wa mai sare gawo. Dokar gandun daji ta Nijar ta 2004 ta kare wasu itatuwa, ki je ofishin ma'aikatan gandun daji ki ji abin da ake nema ga mai ɗiba don sayarwa. Bin hukuma a abin da ke maslahar jama'a wajibi ne.

Batun bilicin kuwa haramun ne, ba ni da wata tantama. Na farko algus ne, Muslim ya ruwaito cewa wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, Risala ma ta hana ɓoye aibi da cakuɗa mummuna da kyakkyawa a ciniki. Na biyu cuta ce: sinadaran nan suna sa fata ta yi siriri, nankarwa ta fito, rauni ya daɗe bai warke ba, mai zaiba a ciki kuma yana taɓa ƙoda. Abin na ci mini rai, don mace ta gudo daga man kanti ta zo wurinki saboda ta yarda da ke, ƙila har jaririnta za ta shafa wa. Ko ta roƙe ki da bakinta kada ki haɗa mata.

Ki kiyaye harshenki a rumfa. Ki ce yana sa laushi idan kin gwada kin gani, amma kada ki ce yana warkar da kyasbi ko makero alhali ba ki da ilimin magani, don hadisi ya ce wanda ya yi magani ba a san shi da shi ba, lamuni na kansa. Ki rubuta abin da ke ciki da ranar da kika haɗa, wanda ya yi ɗoyi ki zubar, mai ciwon fata da ya daɗe ki tura ta likita. Fita baje koli ya halatta da yardar maigida da suturar kamala.

Wallahu a'alamu.