Tsakanin Dutse da Haɗeja, wa ke gaba?

Malam, ka tambayi garin da ya fi girma a Jigawa. To, girman iri biyu ne. In mulki kake nufi, Dutse ce: tun da aka cire jihar daga Kano a 1991 can gwamna yake, ga jami'ar tarayya, ga filin jirgi. Amma in hada-hadar kasuwa ce, ni Haɗeja zan sa gaba, kifinta da shinkafarta sun isa shaida. Gumel na biye, albarkacin kasuwar shanun Maigatari ta ranar Alhamis. Kazaure da Ringim kuwa, a ganina, Kano ta shanye su. Mu nan ƙauyenmu ko atamfar lefe sai mun je Kantin Kwari.