Hukuma ɗaya ko hukumomi da yawa?

Tambaya: Malam, muna musu da wata abokiyar karatuna. Ita ta ce gara a damƙa wa hukuma ɗaya sa ido kan lafiyar abinci, ni kuwa na ce a raba aikin. Wa ya fi gaskiya? Daga wata ɗaliba.

Amsa: 'Yata, na fi karkata wajenki, amma da sharaɗi.

Amurka ta raba aikin ne bisa nau'in abinci, rabon da asalinsa ke komawa ga dokokin 1906. Nama da kaji na hannun Ma'aikatar Noma, kusan duk sauran kuwa na FDA, hukumar kula da abinci da magunguna. Dubi ƙwai: yana cikin ɓawonsa, FDA ce mai shi, da an fasa shi a masana'anta an ɗura ruwansa a kwali, ya koma Ma'aikatar Noma. Jami'in ma'aikatar yana tsaye a mayanka kullum, gawa bayan gawa yana dubawa, alhali dokar 2011 ta bar FDA ta leƙa masana'anta mai haɗari sau ɗaya a shekara 3. Wannan rabo bai burge ni ba, gadonsa kawai aka yi.

Tarayyar Turai ta sha wuya da cutar haukan shanu kafin ta gyara nata. A 2002 ta kafa EFSA, hukumar masana kimiyya kan lafiyar abinci, mai mazauni a Parma ta Italiya. Masana kimiyya su auna haɗari, 'yan siyasa su yanke hukunci, kowace ƙasa ta tura masu bincikenta. An kuma wajabta wa kowane ɗan kasuwa sanin wanda ya sayar masa da wanda ya sayar wa. Irin wannan rabon nake goyon baya, domin mai aunawa ba shi ne mai tsoron fushin manoma ba.

Sharaɗin fa? A 2011 ƙwayar cutar E. coli, mai kamawa ta hanyar gurɓataccen abinci, ta ɓarke a Jamus, fiye da mutum 50 suka rasu. Hukumomin Hamburg suka yi gaggawar ɗora laifi kan kokwambar Sifaniya, manoman can suka yi ta zubar da amfaninsu, daga baya aka gano tsiron hulba ne. Jiha na magana, tarayya na magana, jama'a sun rasa wa za su saurara. A nan abokiyarki ta ci ki. Idan za a raba aikin, sai doka ta faɗi tun farko wa ke da ikon janye kaya daga kasuwa, wa kuma zai fito ya yi wa jama'a bayani ranar da annoba ta ɓulla.